Jagora: Yadda Ake Horon Sanin Makamar Aiki a Shirin Sama wa Matasa Marasa Matsuguni Gida a Amurka

Tun da 'ya'yanmu suka fara yawa a kwasa-kwasan aikin walwalar jama'a a jami'o'in Amurka, tambaya ɗaya ke ta dawowa: makaranta ta ce dole in fita horon sanin makamar aiki, an ba ni sunan wata ƙungiya mai sama wa matasa marasa matsuguni wurin zama, to ta ina zan fara, kuma me zan tarar? Wannan jagorar ta wanda zai zauna a kujerar kes-manaja ce, wato jami'in da ake damƙa wa lamarin matashi tun daga ranar da ya shigo har ya karɓi makullin ɗakinsa, sau da yawa ma har bayan haka.

Ka sani tun yanzu, mafi yawan aikin nan takarda ne da buga waya da cika alƙawari. Wanda ya shiga da niyyar zaunar da yara ya yi musu nasiha, cikin mako biyu zai ga babu mai zuwa teburinsa. Ina magana da "ka" ne don sauƙi, amma mata sun fi yawa a wannan fanni, kuma duk abin da ke nan ya shafe su.

1. Lissafin awanni, biza da kuɗi

Hukumar da ke tantance makarantun wannan fanni, CSWE, ta sa mafi ƙarancin awa 400 ga mai digiri na farko, awa 900 ga mai digiri na biyu. Wasu makarantun suna ƙarawa. A aikace, kwana biyu ko uku ne a mako, zango bayan zango. Ofishin horo na sashenku ne ke amincewa da wuri, saboda haka kada ka ƙulla magana da wata ƙungiya kafin ka tabbatar akwai yarjejeniya tsakaninta da makarantarku. In kana digiri na biyu, wanda zai duba aikinka dole ya kasance yana da digiri na biyu a fannin, da aƙalla shekara 2 yana aiki bayan samunsa.

Gargaɗi ga mai bizar ɗalibi ta F-1: kada ka taka wurin aiki ko da na awa ɗaya kafin ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku. Izinin da ake kira CPT shi ake bugawa a takardarka ta I-20, da sunan ƙungiyar da ranar farawa da ranar gamawa. Makarantu da yawa suna neman wannan izini ko da ba za a biya ka ko kwabo ba. Awa 20 ko ƙasa da haka a mako shi ne izinin rabin lokaci. Wanda ya cinye wata 12 cif a kan izinin cikakken lokaci ya rasa damar OPT, wato izinin aiki bayan kammala karatu. Mutane sun yi asarar wannan damar saboda rashin tambaya.

Batun kuɗi kuwa, yawancin wuraren ba sa biya, kuma kai ne kake biyan kuɗin makaranta a kan awannin. Ga abin da zai iya fitowa daga aljihunka: ɗaukar hoton yatsu da binciken tarihin laifi, gwajin tarin fuka, horon taimakon gaggawa, inshorar kare kai daga ƙarar kuskuren aiki, da kuɗin bas ko jirgin ƙasa. Wasu ƙungiyoyin sukan ɗauki nauyin wasu daga ciki, wasu makarantun kuma inshorarsu ta rufe ɗalibai. Ka tambaya ta imel domin amsar ta zauna a rubuce. In kana da aiki a wata ƙungiya mai irin wannan hidima, ka tambayi makaranta ko za a lissafa maka awanninsa, domin ƙa'idojin CSWE na 2022 sun buɗe wannan ƙofar da sharuɗɗa.

2. Zaɓar wuri

Tambaya ta farko da za ka yi a wurin ganawa ita ce: daga ina kuɗin shirin nan yake zuwa? Amsar ce ke nuna shekarun matasan da za ka gani, da tsawon zaman da aka yarda su yi, da irin fom ɗin da za ka wuni kana cikewa.

Hanya ɗaya ita ce ta ma'aikatar lafiya da walwalar jama'a ta tarayya, a ƙarƙashin dokar matasan da suka gudu daga gida ko suka rasa matsuguni, wadda asalinta na 1974 ne. A nan akwai masaukin gaggawa na 'yan ƙasa da shekara 18, inda kuɗin tarayya ke ɗaukar kwana 21. Akwai gidan zaman riƙon ƙwarya na masu shekara 16 zuwa 21, inda matashi zai iya kai kwana 540. Akwai gidajen masu ciki da masu goyo, da ayarin da ke bin tituna da dare. Ɗaya hanyar ita ce ta ma'aikatar gidaje, HUD, wadda ke biyan tallafin haya na har wata 24 a gidan da matashi ya kama da sunansa, da kuma gidan dindindin mai haɗe da kulawa ga masu lalura.

A ganina, mai son ya koyi aikin kes-manaja daga tushe ya nemi gidan riƙon ƙwarya ko shirin tallafin haya. A masaukin kwana 21 za ka koyi kashe wuta, amma kafin ka san yaro ya tafi. Manyan ƙungiyoyi irin su Covenant House, ko Larkin Street a San Francisco, ko Sasha Bruce a Washington, ko YouthLink a Minneapolis, sukan haɗa shirye-shirye da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, don haka sunan ƙungiya kaɗai bai isa ba. Ka tambayi wane sashe za a kai ka, matasa nawa za a ba ka, ko akwai aikin dare, da wanda za ka kira in mai duba aikinka ba ya nan.

Gargaɗi: ka san su waye za su zauna a gabanka. Binciken cibiyar Chapin Hall ta jami'ar Chicago na 2017 ya nuna cewa a cikin shekara guda, kusan ɗaya cikin 10 na masu shekara 18 zuwa 25, da ɗaya cikin 30 na masu 13 zuwa 17, sukan ɗanɗani rashin matsuguni. Da yawansu sun fito daga hannun riƙon hukuma, wasu daga gidan gyaran hali, wasu da ciki ko da jariri, wasu suna shaye-shaye. Kaso mai yawa kuma an kore su daga gida ne saboda sun ce su masu neman jinsi ɗaya ne ko masu sauya jinsi. Kundin ɗa'ar ƙungiyar ma'aikatan fannin, NASW, ya wajabta maka ka yi wa kowannensu aiki daidai da na kowa, ka kira shi da sunan da ya ce a kira shi, ba wa'azi, ba ɓata fuska. Ka zauna da kanka ka yanke shawara a kan wannan kafin ka karɓi wurin. Matashin da iyayensa suka rufe wa ƙofa yana gane kallon ƙyama tun daga nesa, kuma ba zai dawo ba.

3. Mako biyun farko

Za a sa ka rubuta yarjejeniyar koyo tare da mai duba aikinka. Kada ka cika ta da manyan kalmomi. Ka rubuta abubuwan da ake gani: zan zauna a zaman karɓar sabon matashi sau kaza ina kallo, sannan in yi da kaina ana kallona, zan raka ziyarar gida, zan koyi shigar da bayanai a HMIS. Wannan HMIS shi ne rumbun bayanan da hukumomin yanki ke amfani da shi, kuma ba za a ba ka lambar shiga ba sai ka yi horonsa, don haka ka nemi a sa ka a layi tun ranar farko.

Sauran abin da za ka gama a makonnin nan: horon wajibcin kai rahoton cin zarafin yara, yadda ake fesa maganin Narcan a hancin wanda ƙwaya ta fi ƙarfinsa, da ƙa'idar tsaro ta ginin. Narcan dai tun 2023 ake sayar da shi a kantin magani ba tare da takardar likita ba, kuma ƙungiyoyi da yawa suna raba shi kyauta. Ka san inda yake ajiye.

A nan ne kuma za ka gyara maganar sallar Juma'a da azumi da hutun Sallah. In ka faɗa tun farko, abu ne mai sauƙi a juya jadawali. In ka bari sai ranar ta zo ka ɓace awa biyu, sai ya zama matsala.

4. Zaman farko da matashi

Kafin ka buɗe fayil, ka tambaye shi ko ya ci abinci, ko yana son wanka, ko wayarsa na bukatar caji. Mai jin yunwa ba ya amsa tambaya arba'in. Ka zauna inda kai da shi kowa zai iya kaiwa ƙofa. Ka faɗi sunanka, ka faɗi cewa kai ɗalibi ne mai koyon aiki, ka faɗi watan da za ka gama. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, za mu dawo kansa.

Daga nan sai iyakar sirri, kuma dole ta zo kafin ya fara ba ka labari. Ka gaya masa a fili: abin da ka faɗa mini ba zai fita daga ayarinmu ba, sai dai in ka ce za ka kashe kanka, ko za ka cutar da wani, ko ana cin zarafin wani ɗan ƙasa da shekara 18. Ɗalibai sukan tsallake wannan don kada su ɓata hira, sai yaro ya zube musu cikinsa, sannan su ce dole su kai rahoto. A wurinsa wannan cin amana ne.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi a fom ɗin ita ce: ina ka kwana jiya? Wanda ya kwana a titi, ko mota, ko tashar jirgi, ko masaukin gaggawa, ya shiga rukuni na farko a ma'aunin HUD, kuma shi ne yawancin shirye-shiryen haya suka fi buɗe wa ƙofa. Wanda yake raɓe-raɓe, yau gidan aboki gobe gidan ƙanwar uwa, dokar makarantu ta McKinney-Vento tana ɗaukarsa marar matsuguni, amma a shirye-shiryen HUD da yawa sai an duba ko za a kore shi cikin kwana 14, ko yana gudun tashin hankali. Ka yi ta tambaya a hankali har ka gano ainihin halin da yake ciki, domin sau da yawa wanda ya ce "ina gidan wani abokina" ana karɓar wani abu a jikinsa a madadin wurin kwanan, kuma wannan yana iya canza rukuninsa.

Gargaɗi: kada ka taɓa koya wa matashi ya ce a titi ya kwana alhali ba haka ba ne. Tausayi zai raya maka. In masu binciken kuɗi suka gano, shirin ne zai mayar da kuɗin, matashin ya rasa gidan, kai kuma horonka ya ƙare.

In ɗan ƙasa da 18 ne a masaukin gaggawa, ƙa'idar tarayya ta ce a tuntuɓi iyaye ko mai riƙonsa cikin awa 72, wasu jihohin ma ƙasa da haka, sai dai in akwai dalilin da ya sa yin hakan zai jefa shi cikin haɗari. Ba kai za ka yanke wannan ba, mai duba aikinka ne.

Batun kashe kai, ka yi tambayar kai tsaye, da kalmarta. Mu mun taso ana kewaye irin wannan magana, kuma ɗalibanmu sukan ji nauyin furta ta. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar mutum. In ya ce eh, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kira na gaba da kai nan take. Lambar 988, wato layin wayar taimakon gaggawa ga masu tunanin kashe kai, tana aiki dare da rana a faɗin ƙasar tun 2022.

5. Takardun shaida

A nan yawancin lamura ke maƙalewa, kuma a nan ɗalibi mai haƙuri ya fi amfani. Babu mai ba da haya, babu mai ɗaukar aiki, babu hukumar gidaje da za ta saurari matashi in ba shi da abu uku: takardar haihuwa, katin lambar Social Security (lambar da gwamnatin tarayya ke ba mutum don aiki da haraji), da katin shaida na jiha mai hoto. Damuwar ita ce kowacce tana neman 'yar uwarta kafin a ba da ita.

Ka fara da binciken abin da yake akwai. Tsohuwar makarantarsa, asibitin da ya taɓa kwanciya, jami'in da ya riƙe fayil ɗinsa a hukumar riƙon yara, kowannensu na iya samun kwafi ko wata shaida da za ta buɗe ƙofa ta farko. Ba za su ba ka komai ba sai matashin ya sa hannu a takardar izinin sakin bayani, kuma kowace hukuma da tata takardar izini, mai suna da ranar ƙarewa. Ka sa ya sa hannu a duk waɗanda za ka bukata a zama ɗaya, domin ba ka da tabbacin ganinsa mako mai zuwa.

Takardar haihuwa ana nemanta ne a jihar da aka haife shi, ba inda yake zaune ba. Kuɗinta ya bambanta, a birnin New York dala 15 ne. Jihar California tana ba marasa matsuguni takardar haihuwa da katin shaida kyauta in ƙungiya ta cike musu fom ɗin tabbatarwa, kuma wasu jihohin suna da irin wannan rangwame, don haka ka bincika kafin ka nemi kuɗi daga asusun ƙungiya. Sabon kwafin katin Social Security kyauta ne, amma sau 3 kawai ake bayarwa a shekara, sau 10 a tsawon rayuwa. Matashin da ke yawo da jaka ɗaya yana iya cinye rabonsa kafin ya kai 25. Da zarar takarda ta iso, ka ɗauki hotonta ka sa a fayil, ka ba shi shawarar a ajiye masa ta asali a ofis in ya yarda. Adireshin da za a aiko da wasiƙa kuma ya zama na ƙungiyar, kada ya zama na gidan da yake raɓe.

Yayin da kake jiran wasiƙu, ka buɗe sauran ƙofofi: inshorar lafiya ta Medicaid, wadda ke ɗaukar wanda ya cika shekarun fita daga riƙon hukuma har ya kai 26, da tallafin abinci na SNAP, da tallafin abinci na WIC ga mai ciki ko mai goyo. In bai gama sakandare ba, kowace gundumar makarantu tana da jami'in da doka ta ɗora wa alhakin irin waɗannan yara, kuma dole a karɓe shi nan take ko ba shi da takardu. In kwaleji yake so, takardar tabbatar da cewa shi marar matsuguni ne kuma ba ya hannun iyaye tana ba shi damar cike FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na tarayya, ba tare da bayanan kuɗin iyayensa ba.

Gargaɗi: in matashin ba ɗan ƙasa ba ne, ko takardun zamansa ba su cika ba, kada ka cike masa fom ɗin wani tallafin tarayya, kuma kada ka ba shi shawarar shige da fice daga abin da ka sani a kan taka bizar. Ka haɗa shi da lauya a makon farko. Akwai matsayi na musamman ga yaran da iyaye suka yi watsi da su ko suka ci zarafinsu, amma sai an shigar da takardar kafin ya cika 21, kuma sai kotun jiha ta fara yanke hukunci. Wata ɗaya na sakaci na iya rufe wannan hanyar har abada.

6. Shiga layin gida da tsara manufa

A yankunan da ke karɓar kuɗin HUD, ƙofa ɗaya ake bi: a yi wa matashi tambayoyin auna bukata, a sa sunansa a jerin yankin, gida in ya samu a ba wanda aka ga ya fi shiga haɗari. Ba wanda ya riga zuwa ake fara ba wa ba. Ka bayyana masa haka, kuma kada ka faɗi ranar da zai samu gida, domin ba ka sani ba. A wurare da yawa in aka yi wata uku ba a ji ɗuriyarsa ba, sunansa na fita daga jerin masu jira, don haka ka karɓi hanyoyin samunsa fiye da ɗaya, kuma duk haɗuwa ka shigar da ita a HMIS. In ya taɓa zama a hannun riƙon hukuma kuma yana tsakanin 18 da 24, ka tambayi hukumar gidaje ta yankin ko tana da tallafin FYI, mai biyan haya har wata 36.

Tsarin manufa kuwa nasa ne. In ka tambaye shi abin da yake so ya ce lasisin tuƙi, kai kuma kana ganin makaranta ce ta fi, ka rubuta lasisin tuƙi. Manufa biyu ko uku sun isa, kowacce da mataki ɗaya na wannan makon, da sunan wanda zai yi shi. Naka matakin ka cika shi a ranar da ka faɗa. Waɗannan yara sun ga manya da yawa masu cewa "zan kira ka", kuma suna lissafi.

7. Neman ɗaki da masu gidaje

Kafin ku fita, ka san iyakar kuɗin hayar da shirin zai biya. HUD na fitar da ma'aunin haya na kowane yanki duk shekara, kuma shirin zai duba ko kuɗin ya yi daidai da na gidajen da ke kusa. Ka san ko wuta da gas suna cikin kuɗin. Ka san nawa matashin zai riƙa bayarwa, wanda a shirye-shirye da yawa kusan kashi 30 cikin 100 ne na abin da yake samu.

Mai gida abin da yake son ji shi ne wa zai biya, yaushe, kuma wa zai kira in an samu matsala. Ka amsa waɗannan. Tarihin matashin, ciwonsa, ko dalilin barinsa gida, ba naka ba ne da za ka bayar. A birnin New York da wasu jihohi, laifi ne mai gida ya ƙi mutum don kawai da tallafi zai biya haya, saboda haka in an faɗa maka haka, ka rubuta rana da kalaman, ka kai wa mai duba aikinka.

Gargaɗi: kada matashi ya sa hannu a yarjejeniyar haya, kada kuma ya kwashe kayansa ya shiga, kafin mai duba lafiyar gini ya zo ya amince. In ya riga ya sa hannu gidan ya faɗi a binciken, bashin na wuyansa. Gidan da aka gina kafin 1978 yana da ƙarin dubawa saboda fentin dalma in akwai ƙaramin yaro ko mai ciki. Ranar shiga, ku ɗauki hoton kowane bango da kowace tsaga, saboda kuɗin ajiyar da za a nema a mayar daga baya. Ku karanta yarjejeniyar tare, layi-layi, musamman wurin da ya yi magana a kan baƙi.

8. Bayan an karɓi makulli

Ɗalibai sukan ɗauka an gama, alhali watanni ukun farko ne suka fi haɗari. Wanda ya saba da hayaniyar masauki yanzu yana cikin ɗaki shi kaɗai, ba kujera, ba mai magana. Sai abokan da suka raba bargo da shi a titi su fara zuwa, shi kuma ba zai iya korarsu ba, domin su suka riƙe shi lokacin da ba shi da kowa. Maƙwabta su kai ƙara, mai gida ya aiko da takardar gargaɗi. Ka tayar da wannan maganar tun kafin ta faru, ku tsara abin da zai ce wa aboki in ya zo da jaka. Ƙa'idar tallafin haya tana neman a haɗu aƙalla sau ɗaya a wata, amma a farkon nan sau ɗaya a mako ya fi. In za ka je ziyarar gida, ofis ya san inda kake da lokacin da za ka fito.

A wannan matakin ne tarbiyyarmu ta gida take iya jefa mu cikin matsala, domin duk abin da aka koya mana cewa shi ne mutunci, a nan an hana shi. Ka ga yaro ba shi da kuɗin bas, hannunka zai tafi aljihu da kansa. Kada ka ba shi, akwai katin bas na ƙungiya. Kada ka ba shi lambar wayarka ta kanka, kada ku haɗu a WhatsApp ko Instagram, kada ka ɗauke shi a motarka sai in ƙungiyar ta amince a rubuce kuma inshora ta rufe, kada ka gayyace shi cin tuwon Sallah a gidanka. Dalilin ba rashin tausayi ba ne. Kai za ka tafi a ƙarshen zango, kuma abin da ka saba masa da shi wanda zai gaje ka ba zai iya ba. Sauran matasan ma suna gani, kuma za su ce ana fifita wani.

Haka batun sulhu da iyaye. Mu a wurinmu yaro in ya bar gida, babba ya kama hannunsa ya mayar, a ba da haƙuri. Akwai shirye-shiryen da ke yin sulhun iyali, kuma yana aiki ga wasu, amma da yardar matashin ake yi, bayan an tabbatar gidan ba shi ne wurin da aka cutar da shi ba. Kada ka ɗaga waya ka kira uwar wani don kana ganin ta girme ka kuma ta cancanci ta sani. In kuma aka kawo maka matashi daga cikin jama'armu, abin da ke iya faruwa a wuri irin Bronx inda Hausawa da 'yan zango suke da yawa, ka gaya wa mai duba aikinka tun kafin ka buɗe fayil ɗin. Wataƙila masallacinku ɗaya da kawunsa. Wani zai ji daɗin samun mai jin yarensa, wani kuma tsoron kada labarinsa ya kai gida zai sa ya gudu. Shi za a tambaya.

9. Rubutun fayil

Duk haɗuwa, duk kiran waya, har wanda ba a ɗauka ba, sai an rubuta, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsarin da aka fi amfani da shi kashi uku ne: abin da ya faru, yadda ka fahimce shi, da abin da za a yi. Ka rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. "Ya zo a makare da minti 40, ya ce bas bai zo ba" rubutu ne. "Ba shi da niyya" hukunci ne, kuma zai bi shi zuwa hannun duk wanda ya buɗe fayil ɗin bayanka. Ka tuna matashin yana da damar neman ganin abin da aka rubuta a kansa, kotu ma na iya nema. Kada fayil ya bi ka gida, kada ka ajiye sunan kowa a wayarka, kuma in za ka kawo misali a aji ka cire duk abin da zai sa a gane shi.

10. Zama da mai duba aiki, da miƙa ragama

Yawancin makarantu suna neman awa ɗaya a mako tsakaninka da mai duba aikinka. Ka je da jerin tambayoyi a rubuce, ka sa abin da ya fi damunka a sama. In ana ta ɗage zaman mako bayan mako, ka sanar da malamin da ke haɗa makaranta da wurin, domin awannin da ba a duba ba ana iya ƙin lissafa su. Takardar awanninka a sa mata hannu duk mako, kada ka tara.

Saura wata guda ka gama, ka fara tuna wa kowane matashi ranar da ka faɗa masa tun zaman farko. Wasu za su daina zuwa, wasu su yi fushi a kan ƙaramin abu, wannan sananne ne. Ka shirya zama na mutum uku, kai da shi da wanda zai karɓi fayil ɗin. Takardar miƙa aiki ta ƙunshi takardun shaidar da aka samu da waɗanda ake jira, ranar ƙarewar kowace takardar izini, ranar sabunta Medicaid da SNAP, watan da tallafin haya zai ƙare, lambar mai gida, da hanyar da ta fi saurin samun matashin in wayarsa ta mutu. Kafin ka mayar da katin shiga ginin, ka nemi mai duba aikinka ya rubuta maka takardar shaida, ka kuma ajiye kwafin takardar awanninka da ta tantancewar ƙarshe, domin makaranta da masu ɗaukar aiki za su tambaye su.